Da Me Ya Kamata Mutum Ya Saba?

Akwai karin magana guda biyu a bakin Hausawa waɗanda in ka ajiye su kusa da juna sai ka ga kamar ba sa ga maciji. Ta farko ta ce in ka je gari ka tarar kowa da wutsiya, kai ma nemi taka ka ɗaura. Ta biyu ta ce sabo turken wawa. Waccan tana umartar ka da ka saje da inda ka tsinci kanka, wannan kuma tana gargaɗin cewa abin da ka saba da shi yana iya zame maka dabaibayi. Duk biyun daga bakin magabata suka fito, kuma duk biyun muna jawo su idan buƙata ta taso, kowa ya ɗauki wadda ta dace da abin da dama ya yi niyyar aikatawa.

Maganar kuwa ba ta wasa ba ce. Saurayin da ya tafi ci-rani Legas dole ya yanke shawarar abin da zai bari da abin da zai riƙe daga tarbiyyar gidansu. Yarinyar da ta samu sabon aiki a ofis ta tarar ba a motsa takarda sai an ba da na goro, za a ce mata ta kwantar da hankalinta, nan da wata uku za ta saba. Ƙauyen da sai ya biya 'yan bindiga kafin ya yi shuka, in ka tambayi mutanensa yaya suke ciki, amsar da za ka ji ita ce ai an saba. Kalma ɗaya ce muke rufe duk waɗannan da ita, har ma muna yabon kanmu da ita, mu ce mu mutane ne masu haƙuri. To amma duk sabo ne abin yabo? In kuwa ba duka ba, ina iyakar take?

Daji wuri ne mai kyau na neman haske a kan wannan tambaya, domin dabbobi da tsirrai sun daɗe suna fama da ita, kuma ba sa kare kansu da daɗin baki. Abin da wuri ya yi musu a rubuce yake a jikinsu.

Mu fara da shanu. Farar saniyar Fulani, wadda ake kira bunaji, doguwa ce mai tozo da dogayen ƙafafu, tana jure zafi da doguwar tafiya. In ka tsayar da ita kusa da muturu, ɗan gajeren sa na kurmin kudancin Najeriya wanda tsayinsa da ƙyar yake kai mita guda, dariya za ta kama ka. Muturu ba shi da tozo, nonon macensa bai taka kara ya karya ba. Amma ka kai su biyun cikin kurmi inda ƙudan tsando ya yi yawa ka dawo bayan 'yan watanni. Za ka tarar sammore ya ramar da bunaji ko ma ya kashe ta, muturu kuwa yana kiwonsa, domin jikinsa ya gaji juriyar wannan cuta daga kakanninsa da suka daɗe a cikinta.

A tsibiran tafkin Chadi kuma akwai shanun kuri na Buduma, masu manyan ƙahoni kumburarru waɗanda ba su da nauyin da ido yake zato. Shanu ne masu iyo, suna haye ruwa daga tsibiri zuwa tsibiri don neman ciyawa. Ka fitar da su daga bakin tafki zuwa tsandauri, sai su rasa yadda za su yi da ƙura da ƙishirwa. A can tsandaurin kuwa raƙumi ne sarki. Kitse ne a tozonsa, ba ruwa ba kamar yadda ake yawan faɗa. Dabararsa ta tattalin ruwa ita ce yana barin zafin jikinsa ya tashi daga wajen digiri 34 da asuba zuwa sama da 40 da rana, don kada ya ɓarnatar da ruwa wajen gumi, in kuma ya samu rijiya yana iya shan lita 100 cikin 'yan mintoci. Wannan sarkin, ka kai shi ƙasar laka da ƙudan tsando, ya zama abin tausayi.

To a cikin bunaji da muturu da kuri da raƙumi, wa ya fi? Tambayar ba ta da amsa sai an ƙara mata kalma biyu: a ina? Wannan shi ne darasi na farko, kuma darasi ne na tawali'u. Yawancin abin da muke rainawa a wajen wasu mutane amsa ce ga wata tambaya da wurinsu ya yi musu, wadda namu wurin bai yi mana ba. Ɗan birni yana ganin yawon makiyayi rashin wayewa ne, alhali a ƙasar da ruwan sama yake sauka a nan bana ya tsallake can baɗi, bin ciyawa da ƙafa shi ne ya raya garke shekaru aru-aru. Shamuwa ma haka take yi, ta zo mana da damina ta yi sheƙa a kan itatuwan gari, in kaka ta yi ta nufi kudu, kuma ba wanda ya taɓa ce mata marar gida. Ginin ƙasa mai kaurin bango da ƙananan tagogi, wanda aka guje shi don neman bulo da kwano, ya fi sanin watan Afrilu fiye da wanda ya maye gurbinsa. Kafin ka yi wa wani dariyar wutsiyarsa, ka tambayi irin ƙudan da yake kora da ita.

Sai dai in muka tsaya a nan mun faɗa rami. Za a ce ke nan kowace al'ada daidai ce a wurinta, kowane hali yana da uzuri, mai karɓar na goro ma daidaituwa ya yi da muhallinsa. Don mu fita daga ramin, sai mun duba yadda wannan daidaituwa take faruwa a daji, domin ba yadda muke zato ba ne.

A tekun Pasifik, kusan kilomita 1,000 daga gaɓar ƙasar Ekwado, akwai tsibiran Galapagos, waɗanda Charles Darwin ya ziyarta a 1835. A kan wani ɗan ƙaramin tsibiri cikinsu mai suna Daphne Major, wasu masana mata da miji, Peter da Rosemary Grant, sun fara bin diddigin wasu ƙananan tsuntsaye masu cin tsaba tun daga 1973, suna auna bakin kowane ɗaya. A 1977 aka yi fari. Ƙananan tsaba masu laushi suka ƙare, saura manya masu tauri. Fiye da kashi 80 cikin 100 na irin tsuntsun da suke nazari suka mutu. Waɗanda suka rage yawancinsu masu ɗan kaurin baki ne da ke iya fasa tsaba mai tauri, 'ya'yan da suka haifa kuma suka gaji bakin. Da aka auna sabuwar zuriya, sai aka ga bakin tsuntsun tsibirin ya ɗan ƙara girma.

Ka lura da abin da ya faru. Babu tsuntsu ɗaya da ya yi haƙuri har bakinsa ya girma. Mai ƙaramin baki ya mutu da ƙaramin bakinsa. Fari ne ya zama rariya, ya tankaɗe su, abin da ya tsaya a sama shi muke gani mu ce tsuntsun ya daidaita da wurinsa.

Irin wannan ya faru da hatsin da ke rumbunmu. Gero ɗan Sahel ne na asali, tsofaffin burbushinsa da aka tono a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali sun kai shekara 4,500. Masana sun kwatanta irin geron da aka tattara daga ƙauyukan Nijar a 1976 da wanda aka sake tattarawa daga waɗannan ƙauyukan a 2003, bayan farin da aka sha a tsakani. Suka tarar na baya ya fi saurin fitar da kai, karansa da zangarniyarsa kuma sun fi gajarta. Da damina ta gajarce, geron da ke jan lokaci bai kai ga yin ƙwaya ba, manomi kuma daga abin da ya nuna yake ɗebe iri. Geron ya daidaita, gaskiya ne, amma kowane taki na wannan daidaituwa gonar wani ce da ta ƙone da rumbun wani da ya kwana wayam.

Wannan ya kamata ya sa harshenmu ya yi nauyi duk lokacin da za mu ce talaka ya saba. Wa muke nufi? Muna nufin waɗanda suka rage. Matar da ta rasu a kan hanyar asibiti saboda nisa ba ta saba ba. Yaron da gudawa ta ɗauke saboda ruwan kududdufi bai saba ba. Mai shagon ɗinkin da ya rufe saboda kuɗin man janareta ya cinye ribarsa ba ya cikin lissafi, domin ba ya kasuwar da za a tambaye shi. Muna kallon waɗanda suka tsaya a kan rariya mu yaba ƙarfinsu, kuma sun cancanci yabo, amma yabon yana da wani aiki na ɓoye. Yana ɗauke ido daga wanda ke riƙe da rariyar. A tsibirin Daphne ba wanda za a tuhuma, ruwa ne bai sauka ba. A garin da aka ware kuɗin rijiya aka cinye, akwai.

Ko waɗanda suka tsira ma ba kyauta suka tsira ba. Misali mafi kusa yana gudana a jininmu. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da rabin gadon sikila, wato AS. Dalilin yawansa a ƙasashenmu shi ne yana ba yaro kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, abin da Anthony Allison ya nuna a 1954 bayan bincikensa a gabashin Afirka. A ƙasar da sauro yake kashe yara, mai AS ya fi samun damar girma ya haihu, don haka gadon ya yaɗu. Amma in AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, kuma an ƙiyasta ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da wannan ciwo a Najeriya duk shekara. Garkuwar da ta kare jama'a, wasu 'ya'yan jama'ar ne suke biyan kuɗinta da ciwon ƙashi da kwanan asibiti. Duk wanda ya taɓa zaman jinyar mai sikila ya san abin da ake nufi. Kuma abin lura, da muka gane yadda abin yake ba mu ce ai an saba ba. Mun fara gwajin jini kafin aure, muna raba gidan sauro. Wato mun ƙi yarda cewa abin da ya taimaki kakanni su rayu dole ya ci gaba da cin jikoki.

Sai kuma gaiwa. Masunta da masu haƙar fadama sun san ta. Kifi ce mai huhu, tana shaƙar iska. Idan rani ya yi ruwa ya janye, sai ta nutse cikin laka, ta naɗe jikinta da majina wadda ke bushewa ta zama kamar kwasfa, ta bar 'yar kafa ta numfashi. A haka za ta kwanta wata da watanni, ba ci ba sha, bugun zuciyarta ya ragu, har ruwa ya dawo. Abin al'ajabi ne, kuma dabara ce da ta yi aiki. Amma ka tambayi abin da take ci a cikin ramin. Naman jikinta take narkarwa. Tana fitowa a rame, kuma duk tsawon kwanciyar ba ta girma ba, ba ta haihu ba. Abin da kawai ta samu shi ne ba ta mutu ba.

Akwai mutane da yawa da ke zaman gaiwa, akwai ma garuruwa. Malamin makarantar da ya shiga aiki da zafinsa, ya yi ta magana a kan ajin da ba rufi ba allo har ya gaji, yanzu yana zuwa ya sa hannu ya koma. Matar da ta daina faɗin abin da ke ranta a gidan aurenta domin ta gane shiru ya fi arha. Ba wanda zai zarge su, laka ce ta bushe a kansu. Amma kada mu kira wannan zaman lafiya. Abin da suke ƙonawa don su kai gobe shi ne kansu: burinsu, da kaifin tunaninsu, da iya jin zafin abin da ba daidai ba. Gaiwa ma dai tana da tabbacin damina. Haɗarin da ke kan mutum shi ne ya daɗe a rami har ya manta cewa shi mai iyo ne, ruwa ya dawo ya tarar ba mai fita.

Wani zai ce to ai akwai waɗanda ba kwanciya suka yi ba, haɓaka suka yi, kuma haɓaka shaida ce ta cewa sun iya zama da duniya. A nan sai mu je fadamun Haɗeja da Nguru. Da can kogi yana cika da damina ya malala, da rani ya janye ƙasa ta bushe. Manomin shinkafa da masunci da makiyayi kowa yana da lokacinsa a kan ƙasa ɗaya. Aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, ruwa ya koma gudana kaɗan-kaɗan duk shekara, wurare da dama suka daina bushewa. Wannan sabon yanayi ya yi wa ciyawar kacalla daɗi, domin bushewar rani ce dama take taka mata birki. Ta bazu ta toshe hanyoyin ruwa, wasu gonaki suka nutse, wasu na gaba suka rasa ruwa, jirgin masunci ya rasa hanya, tsuntsayen jan baki suka samu maɓoya suna fitowa suna cinye hatsi.

In nasara ce ma'auni, babu tsiron da ya kai kacalla a wannan yanki. Ta karanci wurin ta cika shi. Amma cikarta alama ce ta cewa kogin ya samu matsala. Haka abin yake a cikin mutane. Idan wuri ya lalace, wanda ya fi dacewa da lalacewar shi ne zai yi ƙiba. A ma'aikatar da ba a ƙarin girma sai da fadanci, bafade ne zai hau. A kasuwar da ba mai duba mudu, mai tauye mudu ne zai gina bene. Yara kuma suna kallo, suna koyon irin bakin da ke fasa tsabar wannan zamani. Saboda haka ganin mutum ya bunƙasa bai isa hujja a kan kyan halinsa ba. Sau da yawa labarin wurin yake ba ka.

A nan ne hanyar mutum ta rabu da ta dabba. Muturu bai zaɓi kurmi ba, kuma ba zai iya zama ya ce wannan kurmin bai kyautu ba. Kacalla ba ta da laifi, ba ta san masunci ba. Mutum kuwa yana iya duban wurin da yake ya auna shi da wani ma'auni da ba wurin ne ya ba shi ba, ya ce haka ake yi amma ba haka ya kamata ba. Bayan wannan, mutum shi kansa muhalli ne ga waninsa. Yarinyar nan ta ofis, ranar da ta karɓi na goron farko ba sajewa kawai ta yi ba, ta zama ɗaya daga cikin dalilan da za a faɗa wa wanda zai zo bayanta cewa haka ake yi a nan. Abin da muke kira yanayin ƙasa, in ka cire zafi da ruwan sama, yawancinsa tarin sabon mutane ne, kowa yana nuna na kusa da shi.

Dole a yi adalci a nan, domin mai ƙoshi ba ya rasa wa'azin da zai yi wa mai yunwa. Magidancin da ya biya 'yan bindiga don ya noma abin da zai ciyar da 'ya'yansa ba abokin zama ba ne da jami'in da ya karɓi rabonsa ya kau da kai. Nauyin ƙin sabo yana ƙaruwa ne gwargwadon ikon da ke hannun mutum. Wanda ba shi da yadda zai yi, ba a neman ya jefa kansa a wuta. Amma ko shi akwai abu ɗaya da ya rage a hannunsa, wato bambanci tsakanin jurewa da yarda. Mai jurewa yana biya yana sane cewa zalunci ne, yana faɗa wa ɗansa cewa da ba haka ake ba kuma ba haka za a dawwama ba. Mai yarda ya daina ganin abin, har yana jin haushin wanda ya tuna masa. Na farko haƙuri ne, kuma shi aka ce mahaƙurci mawadaci. Na biyu shi ne turken.

In ana neman abin koyi a daji, ni gawo zan nuna. Yawancin itatuwan ƙasarmu suna yin ganye da damina su zubar da rani, gawo kuwa ya juya lissafin. Da saukar ruwa sai ya kaɗe ganyensa ya tsaya kamar busasshe, da rani kuma, lokacin da kowa ya yi fari fat, shi yake kore shar. Abin da ya ba shi wannan dama shi ne saiwarsa mai zurfi da ke kai wa ga ruwan ƙarƙashin ƙasa. Ya dace da Sahel sarai, amma bai yi kama da maƙwabtansa ba. Kuma dubi abin da saɓaninsa ya haifar. Da damina ba ya tare wa gero rana, ganyen da ya zubar ya zama taki, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Da rani dabbobi suna samun inuwa da 'ya'yansa su ci, su bar kashinsu a gindinsa. Kowane manomi ya san hatsin gindin gawo ya fi na fili. Gawo ba shi da niyya, ba don tausayin gero yake yi ba, mu ne muke aron misalin. Amma misalin ya nuna cewa ana iya zama ɗan wuri na gaske ba tare da an bi kowa a komai ba, in dai saiwa ta kai wani ruwa da ba na sama-sama ba.

Mutanen Maraɗi da Damagaram sun ƙara mana da wani. Bayan farin shekarun 1970 da 1980 gonakinsu sun zama fili, iska tana binne shuka da rairayi. Ana iya cewa hamada ce ta zo, sai a saba. Daga wajen 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, tare da manoman yankin Maraɗi suka lura cewa kututturan da ake sassabewa duk shekara suna da rai a ƙasa. Maimakon a sare tohon duka, sai a zaɓi ƙarfafa kaɗan a gyara su a bar su su girma. Aka kira abin sassaben zamani. Da manoma suka samu tabbacin cewa itacen da suka rena nasu ne, abin ya bazu daga gona zuwa gona, har aka ƙiyasta ya kai kadada miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200, kuma a yankin Damagaram gawo ne ya fi yawa a ciki. Ba su ƙara ko ɗigon ruwan sama ba, wannan sun karɓe shi yadda yake. Abin da suka ƙi karɓa shi ne ɓangaren da hannun mutum ya jawo.

Zango ma shaida ne. Bahaushen da ya sauka Kumasi ko Ibadan ko Sudan ya koyi harshen masu gari, ya ci abincinsu, ya bi dokar sarkinsu. Hausar Gana har ta sauke bambancin namiji da mace a nahawunta. Wannan ɗaura wutsiya ne, kuma ba abin kunya a ciki. Amma abin da ya sa aka ba fatake masauki, aka ba su bashin goro da shanu na kuɗi masu yawa ba takarda, shi ne amanar da suka zo da ita ba su sauke ba. Sun kuma bar wa wurin wani abu. Waakye da tuo zaafi da ake ci a Gana sunayensu daga wake da tuwo mai zafi suka fito, agashe na Sudan ma sunansa ya tona asalinsa.

Daga duk wannan ana iya fitar da tambaya biyu da mutum zai riƙa yi wa kansa a duk inda aka ce masa zai saba. Ta farko: wannan abu daga yanayin wurin yake, ko hannun mutum ne ya ƙulla shi? Zafin rana, gajartar damina, harshen mutane, irin gaisuwarsu da tuwonsu, tsufa da rashin da ba makawa, duk waɗannan wanda ya ƙi sabawa da su kansa yake wahalarwa. Ta biyu: in na saba, wa zai biya? In amsar ita ce ni kaɗai, kuma abin da zan rasa jin daɗi ne ko girman kai, to a ɗaura wutsiya a wuce. In kuwa amsar ita ce wanda ke bayana a layi, ko mai sayen da bai ga mudun ba, ko yaron da zai tashi yana zaton haka duniya take, to wannan sabon ba nawa ba ne ni kaɗai balle in yi kyauta da shi.

Tambayoyin ba za su sauƙaƙa wa kowa rayuwa ba. Wanda ya ƙi karɓar na goro zai iya daɗewa a kujera ɗaya, kuma ba kowane mai gaskiya ne yake ganin sakamako da idonsa ba. Amma sun nuna cewa magabata ba su yi tufka da warwara ba. Karin maganar wutsiya an yi ta ne don baƙo mai girman kai, wanda ke zaton garinsu ne ma'aunin duniya. Ta turke kuma an yi ta ne don ɗan gari da ya daɗe a wuri har ya daina jin warinsa. Yawancinmu muna buƙatar duka biyun, wani lokaci ma a rana ɗaya, kuma aikin hankali shi ne gane wadda ake kiran ka da ita a yanzu.